Dokar Wasa a Baki da a Takarda: Daga Darar Kebbe Zuwa Mujallar Dragon

Wata ranar rani, bayan an sallame la'asar, na tsaya kallon dara a gindin wani dogonyaro a garin Kebbe. Gurabe talatin aka tona a ƙasa, layi biyar, kowanne da gurbi shida. Wani dattijo na wasa da guntayen kara goma sha biyu, abokin karawarsa kuma, wani malamin makaranta da aiki ya kawo shi daga wajen Zuru, yana da tsakuwa goma sha biyu. Aka gama dashe lafiya, aka shiga turi. Can sai malamin ya jera uku, ya miƙa hannu ya zare kara ɗaya daga cikin ukun da dattijon ya riga ya jera tun ɗazu. Dattijon ya dafe masa hannu.

"Malam, aje shi inda ka ishe shi. Ɗan da yas shiga uku ba a taɓa shi."

"Baba, wallahi mu can wajenmu ana cin shi."

"Wajenku ke nan. Nan Kebbe ta."

'Yan kallo suka rabu biyu, kowa na kawo abin da ya gani a garin da ya taɓa zuwa cin rani. Wani ya ce a Jega ya ga ana ci, wani ya ce ƙarya ne, shi ya zauna Jega. Babu littafin da za a buɗe, babu hukumar da za a buga wa waya. Wanda ya fi kowa shekaru a wurin, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, shi ya raba gardamar: a mayar da karan gurbinsa, a ƙarasa wannan wasa a kan dokar masu gari, in an sake dashe kuma a yi na biyu a kan dokar baƙo, amma a faɗe ta tun kafin a sa ɗa ko ɗaya a gurbi.

Wannan hukunci ya daɗe yana yi mini yawo a kai, domin matsalar da tsohon ya warware cikin minti biyu ita ce wasu mujallu a Amurka da Ingila suka kwashe shekara talatin suna cin abinci da ita. Ina nufin mujallun wasannin labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons, da al'adarsu ta buga gyaran doka da ƙarin kayan wasa wata-wata.

Sai na ɗan yi bayanin wasan, don ba kowa ya san shi ba a ƙasarmu. Ka ɗauka tatsuniya ce ake yi, amma maimakon masu sauraro su yi shiru, kowannensu ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi. Wani mayaƙi, wani matsafi, wani mai warkarwa da addu'a. Akwai jagora guda, shi ke bayyana inda ake: ga kogo, ga ƙofa a kulle, ga dodo a bayanta. 'Yan wasa su faɗi abin da za su yi. Idan abin mai yiwuwa ne ya ci ko ya faɗi, sai a jefa ɗan lido, wanda a wannan wasa ba mai fuska shida kaɗai ba ne, akwai mai huɗu, mai takwas, mai goma sha biyu, da mai ashirin. Kowane ɗan wasa na da takarda da aka rubuta ƙarfinsa, da basirarsa, da zafin namansa da sauransu cikin lambobi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin: ƙananan littattafai uku a cikin kwali, bugun farko kwafi dubu ɗaya.

Bambancinsa da dara a fili yake. A dara, abin da ɗa zai iya yi ƙididdigagge ne: ya matsa gurbi ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. A wasan labari kuwa ɗan wasa na iya cewa komai. Zai iya cewa zai zuba mai a ƙasa ya cinna wuta, ko zai yaudari mai gadi, ko zai ɗaure igiya a wuyan dodo ya hau bayansa. Ba littafin da zai iya hango duk wannan. Saboda haka tun ranar da aka haifi wasan, dokarsa a huje take, kuma littattafan 1974 ɗin sun san da haka, har a ƙarshensu aka shawarci 'yan wasa su yanke wa kansu hukunci a inda doka ta yi shiru. Sai dai mutum ba ya son gardama da abokinsa ba tare da wanda zai kafa hujja da shi ba. Wasiƙu suka fara kwarara zuwa Lake Geneva.

Amsar kamfanin ita ce wata 'yar jarida mai suna The Strategic Review, wadda ta fara fita a 1975, ta yi fitowa bakwai. A watan Yuni na 1976 aka maye gurbinta da The Dragon, Tim Kask na edita. Shekara guda bayan haka, a Landan, kamfanin Games Workshop ya fara White Dwarf, Ian Livingstone na jan ragamarta. A 1986 TSR ta ƙara Dungeon, wadda a farkonta ba ta buga komai sai shiryayyun labaran da jagora zai ɗauka ya gudanar.

Mai karatu da ya zauna gaban malamin zaure zai gane tsarin nan da sauri. Ba ina haɗa ilimin addini da wasa ba ne, Allah ya tsare. Siffar rubutun kawai nake nufi. Akwai matani, gajere, a dunƙule, kamar yadda Mukhtasar na Khalil yake. Sai sharhi ya zo ya warware shi. Sai hashiya ta zo ta yi wa sharhin kansa bayani a gefen shafi. Sai kuma tambayoyin da mutane ke kawowa a kan abin da ya faru da su, a ba su amsa. Littafin doka shi ne matanin wasan. Mujalla ita ta ɗauki sauran ukun, ta haɗa su cikin bango ɗaya, ta sa musu farashi.

Abin da ke cikinta iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba, ko da yake 'yan wasa kan cakuɗa su.

Na farko gyaran kuskure ne zalla: lamba ta fita ba daidai ba, layi ya ɓace a wurin ɗab'i, shafi kaza ya saɓa wa shafi kaza. Misalin da ya fi shahara shi ne na littafin Unearthed Arcana, wanda ya fito a 1985 lokacin da TSR ke cikin matsin kuɗi, aka gaggauta buga shi. Kurakuransa sun yi yawan da sai da Dragon ta ware shafi huɗu a fitowarta ta 103, ta Nuwamban 1985, don jera gyare-gyare, kuma da yawansu masu karatu ne suka tsinto su. Duba abin da wannan ke nufi. Mutum ya sayi littafi da kuɗinsa, littafin na da aibi, kuma kafin ya san aibin sai ya sake sayen mujallar kamfanin da ya sayar masa da littafin. A kasuwar Tambuwal, tela ya ɗinka maka riga da hannu ɗaya gajere, ba zai ce ka biya kuɗin gyara ba. A nan an biya, har da godiya.

Na biyu shi ne fassarar doka, kuma dandalinsa shi ne shafin Sage Advice, wato shawarar masani. An buɗe shi a Dragon ta 31, a Nuwamban 1979, a hannun Jean Wells, mace ta farko da TSR ta ɗauka aikin tsara wasa. Daga baya Skip Williams ya riƙe shi daga 1987 har 2004, shekara goma sha bakwai yana amsa tambayoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Wanda ya san yadda masu karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo ke aika wa Abubakar Imam wasiƙu daga lunguna tun daga 1939, ya san irin dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin edita da mai tambaya. Tambayoyin shafin kan zo da siffar neman ilimi, amma in ka lura da kyau, mafi yawansu ƙara ce aka shigar. Yaro ya yi gardama da jagoransu a daren Asabar, jagora ya kashe masa jarumi, shi ne ya rubuto ba tare da ya ambaci rigimar ba, yana fatan amsar ta fito a bugawa ya kai wa jagora ya ce, to ga shi. Matsalar ita ce kafin wasiƙa ta je, a zaɓe ta, a buga, mujalla ta iso, an yi watanni. Jarumin ya daɗe da rubewa a kabari. Hukuncin da ya yi aiki a daren nan na jagora ne, kamar yadda na tsohon Kebbe ya yi aiki a gindin dogonyaro. Abin da mujalla ta bayar shi ne makamin gardamar gaba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa, ƙari ne: sababbin dodanni, sababbin tsafe-tsafe, sababbin irin jarumai, sababbin ƙasashe. A nan ne mujallun suka yi abin da ya cancanci yabo, domin ruwan daga ƙasa yake hawa sama. Jarumin daji da ake kira ranger, wanda yau ba a tunanin wasan ba tare da shi ba, wani ɗan wasa ne, Joe Fischer, ya rubuta shi, aka buga a The Strategic Review a 1975. Mawaƙin nan mai yawo da molo, bard, ta wannan hanya ya shigo a 1976. White Dwarf ta buɗe shafin Fiend Factory inda masu karatu ke aiko da dodannin da suka ƙirƙira, Don Turnbull na tacewa. A 1981 aka tattara da yawa daga cikinsu aka yi littafin Fiend Folio, wanda TSR ta buga a matsayin doka. A cikin masu aikowar har da wani matashi, Charles Stross, wanda daga baya ya zama sanannen marubucin ƙagaggun labaran kimiyya. Halittun da ya aiko da su, githyanki, suna nan a wasan har gobe. Shi kuwa Ed Greenwood, ma'aikacin ɗakin karatu a Kanada, tun 1979 yake aika wa Dragon rubuce-rubuce yana ɗan sako sunayen wata duniya da ya ƙaga tun yana yaro. Kamfanin ya lura, ya saya, a 1987 ta fito da sunan Forgotten Realms, ta zama duniyar da aka fi yin wasan a cikinta.

Wato mujalla ta zama rariya. Dubban majalisu na gwada abubuwa a gidajensu, kaɗan su rubuto, edita ya zaɓi kaɗan daga ciki, masu karatu su gwada su yi ƙorafi ko yabo a shafin wasiƙu, abin da ya tsira ya shiga littafi na gaba. Littafin 1985 da na ambata, yawancinsa abin da Gygax ya riga ya buga ne a Dragon tsakanin 1982 da 1983.

Mu ma muna da irin wannan hawan ruwa, sai dai ba mu da rariyar takarda. Ɗauki karta ta wot, wadda ba majalisar samarin da ba ta san ta ba daga Kebbe har Dogon Daji. Wani Bature ne, William Henry Storey, ya ƙirƙiro ta a Ingila a shekarun 1930. Amma dokokin da suka sa ta zama abin da muke so, wato lamba ɗaya ta tsayar da na gaba, biyu ta sa ya ɗauki biyu, biyar ya ɗauki uku, takwas a tsallake shi, sha huɗu kowa ya tafi kasuwa, waɗannan yadda 'yan Najeriya ke buga ta ne. Kuma har yau ba a gama daidaitawa ba. A wata majalisa, in an sa maka biyu kana da biyu, za ka iya karewa ka tura wa na gaba ya ɗauki huɗu. A wata majalisar ba kariya, ka ɗauka kawai. Wasu sun yarda a gama wasa da katin kasuwa, wasu sun hana. Lido ma haka: daga pachisi ta Indiya ya samo asali, aka yi masa rajista a Ingila a 1896, amma mu da 'ya'ya biyu muke jefawa, kuma kowace unguwa da ra'ayinta a kan ko dole ne ka ci in ci ya samu. Ba wanda ya san sunan mutumin da ya fara cewa sha huɗu kasuwa ce. Da a Lake Geneva yake, da sunansa na cikin mujalla da lambar fitowa.

Kuma kada a ce shiga rigar wani baƙon abu ne a wurinmu. A kalankuwa, samari da 'yan mata kan naɗa wa junansu muƙamai bayan an kawar da amfanin gona, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse, a yi shari'a, a ci tara. Muƙaman nan ba su tsaya a sarki da waziri da alƙali ba. Da Turawa suka zo sai ga Di'o da Joji a fagen wasa, daga baya ga gwamna, ga ɗan sanda, ga likita. Wannan shi ne ainihin ƙarin sabon jarumi a tsohon wasa: zamani ya kawo sabon mai iko, yara suka ba shi gurbi da iyakar abin da zai iya yi. Tashe ma duk azumi sai ka ga sabon abu ya shigo, tsoho ya faɗi. Abin da ba mu da shi shi ne lambobi da ɗan lido a cikin kwaikwayon, da kuma mai rubutawa.

To, ina aibin al'adar mujallun? Yana cikin abin da ya raya ta. Mujallar wata-wata dole ta cika shafukanta ko da abin gyara ko babu, kuma ba wanda zai sayi fitowar da ta yi alkawarin jarumi mai rauni fiye da wanda yake da shi. Saboda haka kowane sabon ƙari kan ɗan fi na baya ƙarfi. Wani mahayin doki mai sulke da aka ƙara a 1983, da wani baƙauyen mayaƙi da ya riga shi da shekara ɗaya, sun sha suka a kan cewa sun danne mayaƙin asali. Na biyun ma an ɗora masa ƙin jinin matsafa, abin da ke nufin ɗan wasa ɗaya ya shigo da rigima cikin ayarin da ya kamata su haɗa kai. Kwatanta da dara: a ce wani ya zo da takarda daga Sakkwato cewa an ƙaro sabon ɗa mai tsallake gurbi biyu, amma sai wanda ya sayi takardar ne zai yi wasa da shi. An gama da dara ke nan. Daɗinta duka a kan cewa karanka goma sha biyu daidai suke da tsakuwata goma sha biyu, bambancin yana cikin kai. A teburin wasan labari kuwa, yaron da mahaifinsa ke biya masa kuɗin mujalla yakan zo da makamin da sauran ba su taɓa ji ba, jagora ya rasa yadda zai yi: in ya hana, a ce ya ƙi abin da kamfani ya buga, in ya bari, sauran su zama 'yan rakiya.

Daga nan ne kalmar "na hukuma" ta zama abin faɗa. Gygax, wanda a 1974 ya ce kowa ya yi yadda ya ga dama, shi ne ya juyo a shafinsa na Dragon bayan fitowar Advanced Dungeons & Dragons tsakanin 1977 da 1979, yana cewa wannan sabon tsarin ɗaya ne a ko'ina, wanda ya sauya shi da yawa to wani wasa yake yi daban. Yana da hujja ta gaskiya: ana gasa a tarurruka irin su Gen Con, kuma ba a gasa tsakanin baƙi sai da doka ɗaya. Mu ma mun ga haka. Ranar da dambe da kokawa da langa suka shiga gasar wasanni ta ƙasa, dole aka sa musu alƙali da agogo da rubutacciyar ƙa'ida. Kokawar Nijar ma, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, a kan doka ɗaya 'yan Maraɗi da 'yan Dosso ke karawa. Amma akwai wata hujjar da ba a cika faɗa ba. A lokacin Gygax na rigima da Arneson a kan kason kuɗin wasan, har ta kai su kotu a 1979, aka sasanta a 1981. Cewa sabon wasan daban yake da tsohon yana da amfani a aljihu. Haka kuma hatimin hukuma na raba kayan kamfani da na masu buga nasu a gefe. Duk lokacin da mai sayar da doka ya ce tasa kaɗai ce doka, yana da kyau a duba ko mai wasa yake karewa ko kasuwarsa.

Abin dariya shi ne mujallar da ke ɗauke da wannan wa'azi ita ce kuma ke buga dokokin da ba na hukuma ba a shafi na gaba. Mai karatu ya koyi rarrabewa da kansa: wannan daga alƙalamin Gygax ya fito, wannan shawarar wani ce daga Ohio. A aikace kuwa kowane tebur ya tsinci abin da ya yi masa, ya zubar da saura, ya ƙara nasa. Ba a taɓa samun lokacin da majalisu biyu ke yin wasan iri ɗaya sak ba.

Sauran tarihin gajere ne. Wizards of the Coast ta sayi TSR a 1997, Hasbro ta sayi Wizards a 1999. Daga 2002 kamfanin Paizo ne ke buga Dragon da Dungeon da izini, har aka karɓe izinin. Fitowar takarda ta ƙarshe ita ce ta Satumban 2007, Dragon ta 359, Dungeon ta 150. Suka koma intanet har ƙarshen 2013. Da gyara ya daina jiran ɗab'i da gidan waya sai ya yi sauri fiye da kima. A bugu na huɗu na wasan, wanda ya fito a 2008, an yi ta sakin gyare-gyare har littafin da ke hannunka ya daina zama abin dogaro. Wani sanannen tsafi, kibiyar da tun da daɗewa aka san ba ta kuskure, an mayar da ita mai iya kuskure a 2008, sannan a 2010 aka sake mayar da ita yadda take. Wanda bai leƙa intanet a watan ba, ya zo tebur da tsohuwar doka. Bugu na biyar, na 2014, ya ja da baya: an ci gaba da amsa tambayoyi da sunan Sage Advice, Jeremy Crawford na amsawa, amma takardar da ke tattara amsoshin ta faɗa ƙarara cewa jagora ne ke da maganar ƙarshe, shi zai ga ko ya ɗauki hukuncin kamfani ko ya bari. Bayan shekara arba'in da ɗaruruwan fitowa, an dawo gindin dogonyaro.

Sai dai zan yi wa dara rashin adalci in na bar ta da yabo kawai, domin dokar baki na da nata asarar. Ba ta da ajiya. A littattafan Turawa, irin na R. C. Bell da ya fito a 1960 a kan wasannin allo na al'ummu daban-daban, an rubuta dara a matsayin wasan Dakarkari na ƙasar Zuru, da tsari guda. Daga nan sauran littattafai da manhajojin waya suka yi ta kwafa, har tsarin guda ya zama shi ne "dara" a idon duniya, alhali daga Kebbe ka bi ta Gummi ka gangara Zuru za ka tarar da bambanci a kusan kowane zango. Wasu na tona layi shida, kowanne da gurbi bakwai. Galibi ba a jera uku a lokacin dashe, amma jera huɗu fa, haramun ne a yi shi, ko kuwa ana yi sai dai ba ya ci? Tsarin nan da gwani ke kafawa, inda ɗa guda ke kai da komo tsakanin jeri biyu yana ci a kowane turi, wanda wasu ke kira doki, akwai majalisar da ke barinsa ya yi ta ci har a share fage, akwai wadda ke ɗaukar kafuwarsa a matsayin an gama wasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na sauya yadda gwani ke dashe tun daga ɗan farko. Ilimi ne, kuma yana cikin kawunan mutanen da yawancinsu sun haura sittin, a yankin da rashin tsaro ya rage zaman dare a waje, samari kuma suka koma lido a waya, inda manhaja ce alƙali, ba ta jin "mu can wajenmu".

Saboda haka in da za a ari wani abu daga Dragon da White Dwarf, ni ba hatimin hukuma zan ara ba, kuma ba na marmarin ranar da wani kwamiti zai zauna a Abuja ya ce ga darar gaskiya, saura ɓata ne. Shafin wasiƙu zan ara, da shafin dodannin masu karatu: wurin da mutumin Kuchi zai rubuto yadda suke yi, na Sanyinna ya amsa masa da nasu, a rubuta sunan gari da shekara, a bar su gefe da gefe. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, lardin Sakkwato na da jaridarsa ta Hausa, Zaruma. Yau ko filin rediyo na rabin awa, ko ɗalibi guda daga sashen harsunan Najeriya na jami'ar Usmanu Danfodiyo da littafin rubutu da haƙurin zama a ƙasa, zai iya yin aikin.

A ranar nan ta Kebbe dai an yi wasa na biyun kamar yadda tsohon ya yanke. Kafin a fara, malamin ya tsuguna ya faɗi dokar garinsu da ƙarfi, kowa ya ji: ana cin ɗa ko yana cikin uku. Dattijon ya gyaɗa kai, ya tattara karansa. Na lura dashensa ya sauya gaba ɗaya. Bai ƙara damuwa da rufe jeri da wuri ba, sai ya warwatsa 'ya'yansa biyu-biyu a tsakiya. Bai ɗauki lokaci ba ya cinye malamin, da dokar malamin. Yana kakkaɓe ƙasa daga rigarsa aka kira magariba, ya ce, "Malam, wagga taku ma ba ta da laihi. Gobe mu sake ta."